Leƙen asiri da sunan soyayya

Masu yabon littattafan soyayyar maɗigo da ake bugawa a Amurka da Turai suna da hujja guda da ba su gajiya da maimaitawa: wai in ka buɗe shafin farko, ba ka ajewa sai asuba. Na yarda, domin ni ma sun hana mini barci. Amma riƙo ba shaidar nagarta ba ne; ƙaya ma tana riƙe riga.

Hukuncin addini a kan maɗigo sananne ne ga mai karatu, kuma fatawa ba aikina ba ce. Ba na kuma kiran a cinna wa littafi wuta, kamar yadda aka yi wa littattafan soyayya a Kano a 2007. Tambayata ita ce: da wane ƙugiya ake kama mu?

Dubi zubin labarin. A littafin Lee Winter na 2018, Breaking Character, ƴan wasan kwaikwayo biyu suna nuna wa wani mai shirya fim Bafaranshe cewa masoya ne, don neman aiki, har wasa ya zama gaske. Dabarar tsohuwa ce. Duk wanda ya karanta Marivaux a lise ya san ta: tun 1730 yake sa masoya su ɓad da kama, zuciya kuma ta tona su. Daɗin yana wurin mai karatu, wanda ya riga kowa sani. Duniya ta ɗauka gaskiya ce, su biyun sun ɗauka ƙarya ce, shi kaɗai ya ga inda aka dosa. Wa zai tashi daga irin wannan kujera?

To, a nan nake da ja. A Holiwud ƙaryar ba wasa ba ce. A 1955 Rock Hudson ya auri Phyllis Gates, sakatariyar wakilinsa Henry Willson, a daidai lokacin da jaridun tsegumi ke farautar sirrinsa. Auren ya mutu a 1958. Mutane sun yi irin wannan aure ne don tsoro, kada abincinsu ya ƙare. Marubutan yau sun ɗauki wannan tabo sun mayar da shi kwalliya: otel mai tsada, jan kafet, gado guda ga baƙi biyu.

Taylor Jenkins Reid ta fi su gaskiya. A littafinta na 2017, Evelyn Hugo mai maza bakwai ta ɗanɗana kuɗar ɓoye son da take yi wa Celia St. James, kuma marubuciyar ba ta sassauta ba. Duk da haka, lura da abin da ta yi: ta cusa guntayen labaran jaridun tsegumi a tsakanin babi-babi domin mu raina su, sannan ta ja mu zuwa ɗakin da ɗan jarida bai taɓa shiga ba. Muna tsine wa mai ɗaukar hoto da ke laɓe a bakin ƙofa, alhali mu an shimfiɗa mana tabarma a ƙuryar ɗaki. Shi yana hasashe, mu muna gani, kuma mu ne muka biya kuɗi.

Saboda haka in an ce mini littattafan nan suna koyar da tausayin wanda shahara ta tsare, sai in ce a nuna mini shafin da marubuciya ta rufe ƙofa ta bar mu a waje. A cikin waɗanda na karanta, ban gamu da shi ba.