Saki Ba Kora Ba Ne

Iyayena da 'yan uwana mata na Riruwai da kewaye.

Yau ba maganar zaɓe na kawo ba. Sau nawa muke ganin mace da goyo ta kwashi kaya cikin dare don miji ya ce "na sake ki, fice min"? Haba! Mu san haƙƙinmu.

Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da ke, a ɗakinki za ki yi idda. Saki ɗaya ko biyu, cinki da shanki suna wuyansa. Idda tsarki uku ce, mai ciki sai ta haihu. In ta cika bai mayar da ke ba, sai da yardarki da sabon sadaki.

Ki nemi takardar saki, ki duba kwanan wata da adadin sakin, ki ɗauki hotonta a waya.

A Malikiyya uwa ke da riƙon 'ya'ya, namiji har ya balaga, mace har ta tare, muddin ba ki yi wani aure ba. Ciyarwa ta uba ce.

In yana dukanki, ko ya ƙi ciyarwa, ko ya bar ki ba aure ba saki, alƙali na iya raba auren ba ki biya ko kwabo ba, in kin kawo shaidu. Khul'i ne ake mayar da sadaki.

A fara da waliyyai da Hisba. In ya gagara, a je kotun shari'a, ba rashin kunya ba ne.

A tura wa wadda ba ta gani ba. Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu.

Taku,
Shugabar Mata