Aikin komin ma a auna shi da tiya

Babu wanda ke sayen hatsi a kasuwa ba tare da awo ba. Mai awo yana cika tiya, mai saye yana tsaye yana kallo. Manomi ma ya san dame nawa ya ɗaure bana, ya san na bara, ya san na maƙwabcinsa. In gonar maƙwabci ta fi tasa kyau, zai je ya tambaya: wane iri ka shuka, yaushe ka kai taki? A ganinmu, haka ya kamata a riƙa yi wa aikin komin.

A shekarar 2004 aka yi zaɓen da ya ba komin 265 na Nijar majalisunsu. A 2016 gwamnati ta miƙa musu wani sashe na aikin lafiya, ruwa, ilimi da muhalli. A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun, an naɗa kantomomi. Amma ko zaɓaɓɓe ne ke zaune a ma'aikatar magajin gari, ko naɗaɗɗe, haraji da kuɗin kasuwa daga aljihunmu suke fita. Muna da hakkin sanin abin da suka haifar.

Mu fara da ruwa. Ma'aunin ƙasarmu shi ne rijiyar zamani ko fonfo guda ga mutum 250. Garin mutum 1.000 yana buƙatar huɗu ke nan. A takarda ana iya cewa akwai huɗun. To, nawa ne ke ba da ruwa yau? Fonfon da ya mutu tun kaka yana nan cikin lissafi, alhali mata sun koma tabki, yara suna ta zawo. Saboda haka kada a ƙidaya mana abin da aka gina kawai. A ƙidaya mai aiki. A kuma rubuta kwana nawa ake yi tsakanin lalacewa da gyara.

Sai rigakafi. Akwai allurar da ke kare jariri daga cuta biyar, har da tarin shiƙa da sarƙe haƙora. Sau uku ake yin ta: yana da sati 6, da sati 10, da sati 14. A ce yaro 100 sun samu ta farko, amma 75 kaɗai suka kai ta uku. An yi asarar 25 a hanya. Masana lafiya sun ce in waɗanda suka ɓace haka sun wuce 10 cikin 100, akwai matsala. In kuma gidan likitan komin da ke maƙwabtaka da mu 8 kaɗai yake rasawa, ba zagi za a yi ba, tafiya za a yi a ga yadda suke aiki. Wataƙila majonsu yana samun man babur yana bin ƙauyukan da suka fi kilomita 5 nisa. Wataƙila firjinsu bai mutu ba. Wataƙila kuwa suna gaya wa kowace uwa ranar dawowa da baki, ba a karne kawai ba. Abin koyo ne, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi mai yawa.

Tun 2006 doka ta ce a duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta. Iyaye sun san sau nawa ake ba su takarda a ce su je su saya. Wannan ma yana aunuwa: kwana nawa gidan likita ya yi babu maganin zazzaɓin cizon sauro a Agusta da Satumba?

Abin haushi shi ne yawancin waɗannan alƙaluma suna nan a rubuce. Kowane wata majo yana cika takardu yana aikawa sama. Sama suke tafiya, ba su saukowa wurinmu.

Sai dai tiya ma ana bubbuge gindinta. In aka mai da lissafi bulalar dukan ma'aikaci, zai gyara lissafin ya bar aikin. Don haka ƴan kwamitin gidan likita su riƙa shiga gidaje goma ko ashirin, su duba karnen yara, su gani ko ya yi daidai da abin da aka rubuta. Kuma a gwada tsara da tsara. Ba adalci ba ne a jera birnin Maraɗi da komin makiyaya ta arewacin Dakoro, inda gari da gari ke da nisa.

Ga abin da muke roƙo. A kafa allo a ƙofar ma'aikatar magajin gari. Duk wata uku a rubuta a kai, da Hausa, boko da ajami: fonfo mai aiki da matacce, yaran da suka gama allura, kwanakin rashin magani, dabbobin da aka yi wa rigakafi, kuɗin kasuwa da aka karɓa da inda suka shiga. A gefe a sa na komin biyu makusanta. Rediyon gari ya karanta shi ranar kasuwa.

Mu da muka yi yaƙi da jahilci, mu je da littafi da biro mu kwafe, mu kai wa malamin aji a yi darasin lissafi da shi, sannan mu tafi da shi taron kwamiti na gaba.