Masinjan Haya Ko Tafintan Gida: Wa Zai Haɗa Ofisoshin Jami'a?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ake yankewa a ɗakunan taron manya, wadda ba a cika tuntuɓarmu a kanta ba, alhali kuwa a kanmu take ƙarewa. Maganar ita ce ta yadda za a haɗa na'urorin ofisoshin jami'a domin su riƙa jin maganar juna. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin makaranta, banki ya cire, amma ofishin ma'aji ya ce bai gani ba, har ranar rufe rajista ta ƙarato, lalle ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Bari mu fara duba inda gizo ke saƙar. Ɗalibi ɗaya a yau sunansa yana rubuce a wurare da dama. A waje akwai hukumar JAMB, wadda tun 2021 ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN kafin a zauna jarrabawarta. Akwai Remita, hanyar da kuɗin makarantun tarayya ke bi tun da aka tilasta asusun bai ɗaya na gwamnati a 2015. Akwai kuma NELFUND, asusun ba ɗalibai rance da ya buɗe ƙofa a 2024, wanda shi ma sai makaranta ta aika masa da sunayen ɗalibanta. A cikin gida kuwa ga ofishin magatakarda, ga na ma'aji, ga na jarrabawa, ga na ɗakunan kwana, ga laburare, ga asibiti. Kowanne da kwamfutarsa, sau da yawa kowacce ɗan kwangilarta daban. In aka ce waɗannan ofisoshi 6 kowanne ya ja wa ɗan'uwansa hanya kai tsaye, sai an ja hanyoyi 15. In kuwa aka kafa matattara guda a tsakiya, hanyoyi 6 sun wadatar. Inda ba a yi ko ɗaya ba, to, ɗalibi ne ke zama hanyar, ya rungumi rasidi yana zarya daga wannan taga zuwa waccan.

Masana sun kawo magani iri biyu. Na farko shi ne haya, watau abin da ake kira saƙon gajimare. Manyan kamfanoni irin su Amazon da Google da Microsoft suna da gidajen na'urori, suna ba da hayar layin saƙo. Misalinsa kamar gidan waya ne: ofishin ma'aji ya jefa takarda cewa wane ya biya, a ajiye ta a layi, ba za a share ta ba sai ofishin magatakarda ya karɓa ya kuma shaida ya karɓa. Amazon ta buɗe irin wannan aiki, mai suna SQS, ga kowa da kowa tun 2006. Na biyu shi ne manhajar tsakani, wadda jami'a za ta girka a kan na'urarta, a cikin harabarta. Wannan kuwa, bayan ɗaukar saƙo, ana iya ɗora mata aikin tafinta, ta juya bayanin wannan ofis zuwa sigar da wancan ke ganewa. Kamfanin IBM ya fito da tasa tun 1993, sa'an nan ga irin su RabbitMQ ta 2007 da Kafka ta 2011, waɗanda kowa ke iya ɗauka kyauta ya kuma duba cikinsu.

Gaskiya ɗaya ce, haya tana da daɗi. Babu sayen na'ura, babu man janareto, babu tashin dare don gyara. A makon rajista, lokacin da dubban ɗalibai ke rububin shiga a sa'a guda, layin haya yana buɗewa ya ɗauke su duka. Kuɗin saƙon kansa ma bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ya ce a yi watsi da haya ɗungurum bai yi wa magana adalci ba.

Amma fa zanen aro ba ya rufe katara. Da farko, hayar da dala ake lissafa ta, kuma layin saƙo ba ya zuwa shi kaɗai. Sannu a hankali yakan jawo ma'ajiyar bayanai da sauran kaya zuwa gidan mai haya, har fita ta fi shiga tsada. A farkon Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Makarantar da ke karɓar naira tana biya da dala, ina za ta ɗora wannan nauyi in ba a kan ɗalibi ba? Na biyu, hanyar zuwa gidan mai haya ta ƙarƙashin teku take bi. Ran 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi da dama a Nijeriya suka shiga wahala. Ashe ba abin mamaki ba ne a ce ofisoshi biyu da ke jikin bango ɗaya su kasa gaisawa saboda waya ta tsinke a teku? Na uku, bayanan da ake aikawa sirrin mutane ne: maki, da rashin lafiya, da bashi. Dokar kare bayanai ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da irin waɗannan zuwa ƙasashen waje, kuma za a tambayi hukumar jami'a a kai.

To, tafintan gida fa, ba shi da aibi? Yana da shi, babba ma kuwa. Yana bukatar wutar da ba ta yankewa, a ƙasar da babban layin lantarki ke faɗuwa a kai a kai. Yana bukatar ƙwararrun ma'aikata, waɗanda da zarar hannunsu ya faɗa sai banki ko kamfanin waje ya ɗauke su. Na'urar da aka saya da ɗoki, aka yanka zare, aka bar ta ƙura ta rufe, gara ba a saye ta ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ra'ayina a nan shi ne a raba aikin bisa nauyinsa. Abin da ya shafi ran jami'a, watau biyan kuɗi da rajista da sakamakon jarrabawa, ya gudana a kan manhajar tsakani ta gida, irin wadda ake samu kyauta, tare da wutar hasken rana da kwafin ajiya a wani wuri dabam. Abin da ke zuwa kamar ambaliya ya wuce, irin su sanarwa ta waya da rububin makon rajista, a ba masinjan haya, amma da harshen saƙo na kowa da kowa, yadda ranar da aka so sallamarsa za a sallame shi ba tare da an rushe gida ba.

Sai dai kafin a sayi ko allura, akwai aikin da babu na'urar da za ta yi mana. Dole ofisoshi su yarda da lamba guda ga kowane ɗalibi, da siga guda ta rubuta sunansa. In Muhammad ne a wurin magatakarda, Mohammed a wurin ma'aji, tafinta komai gwanintarsa mutum biyu zai gani. Haka kuma kowane saƙon kuɗi ya zo da lambarsa, domin layin saƙo yakan kawo takarda ɗaya sau biyu, kada a rubuta wa mutum biya biyu ko a hana shi ɗaya.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu su nemi kujera a kwamitin da ke yanke wannan shawara, su kuma yi tambayoyi uku: da wane kuɗi za a biya, a ina bayananmu za su kwana, wa zai gyara in abu ya tsaya? Ina kuma kira ga hukuma ta dubi sashen ilmin kwamfuta da ke ƙarƙashin hancinta. Jami'ar da ke yaye masana kowace shekara, bai kamace ta ta rasa masu riƙe mata wannan amana ba. A sa malamai su jagoranta, ɗaliban ajin ƙarshe su koyi aiki a kai, a rubuta kome a ajiye domin na baya. Allah Ya sa mu dace, amin.