Tsakanin Kindirmo da Tsala: Matsayin Nono a Cimar Masu Gina Jiki

A garuruwa irin su Dambatta, Bichi da Minjibir, ba baƙon abu ba ne a yau a tarar da samari a bayan gari suna ɗaga ƙarfen da aka dasa wa gwangwanayen siminti. Burinsu ya sha bamban da na ɗan dambe ko ɗan kokawa, wanda ƙarfi da juriya suka fi damunsa. Su so suke kitse ya zube, tsoka ta fito fili. Tare da wannan buri wata shawara ta shigo ta intanet, wai mai neman haka ya ƙaurace wa nono da cuku. Shawarar tana da rauni, kuma raunin ya fi bayyana idan aka auna ta da kalmomin Hausa.

Masu ba da ita kan tattara duk abin da ya fito daga saniya a kalma guda. Bahaushe kuwa ya rarrabe. Akwai madara, akwai kindirmo wanda ya kwana da mansa, akwai tsala wanda aka kaɗe aka kwashe man, sannan akwai man shanun kansa. Wannan rarrabewa ita ce amsar tambayar. Giram ɗaya na kitse na ɗauke da kalori 9, na furotin kuwa 4, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na man shanu kitse ne. Idan Bafulatana ta kaɗa nono, mai ne ke tashi, furotin yana nan a ƙwarya, kimanin giram 3 a kowane giram 100. Ke nan tsala, wanda ake yi wa kallon nonon talaka, shi ne mafi kusa da abin da masu horarwa na ƙasashen waje ke yabawa. Hatta garin furotin mai tsada da ake sayarwa a birnin Kano, akasari daga ruwan da ke tsiyayewa wajen yin cuku ake samar da shi.

Cuku, irin wanda Buzaye ke kawowa daga Nijar, busasshe ne, don haka furotin da kitse duk sun taru a ɗan yanki kaɗan. Wannan na buƙatar awo, ba haramci ba.

Inda matsalar take shi ne abin da ake haɗa nonon da shi. Akasari a karkarar Kano ana shan tsala ne da fura, kuma sau da yawa da sukari cokali bayan cokali. Nan nauyin yake taruwa, amma nono ake ɗora wa laifi.

Akwai kuma batun inganci. Tun 1965 Mortimore da Wilson suka bayyana yadda gonaki suka cushe a kewayen Kano. Makiyaya ta yi ƙaranci, nono kan ja baya da rani, wasu masu sayarwa kan ƙara ruwa da garin ’ya’yan kuka don ya yi kauri. Irin wannan tsala ba zai ba saurayi furotin ɗin da yake lissafi ba. Abin da ya kamata ya tambaya a kasuwar Dambatta shi ne ko an kaɗe nonon, da kuma ko an tsarma shi.