AN CE MU YI HAƘURI, TO HAR YAUSHE?

Ya ku 'yan'uwanmu manoma da makiyaya da masu sana'a, maza da mata. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali ko a bakin kasuwa, sa'an nan a shiga cikin gida a karanta wa mata, domin maganar nan su ta fi ci wa tuwo a ƙwarya.

Akwai wani ciwo da ya shigo garuruwanmu wanda ba ya fitar da jini, ba ya kumbura, amma yana cinye mutum tsaye. Malamin makaranta ya kwana idonsa biyu yana lissafin bashi. Yaro ya zabura cikin barci don ya ji ƙarar babur. Uwa ta rame, a kai ta shagon magani a ce hawan jini ne, alhali ba ta kai shekara arba'in ba. Damuwa ke nan, da zullumi. Masu mulki suna so ku ɗauka daga sama ta faɗo. Mu kuwa mun ce da hannun mutane a ciki, kuma mutanen nan su ne za su zo neman ƙuri'arku da mota cike da taliya da sabulu.

Mu fara da malamin furamare na garinku, tun da kun san shi, kun san gidansa. Dattawa za su tuna shekarar 1976 da aka buɗe shirin UPE na ilmi kyauta, lokacin da malami yake da kekensa da rediyonsa, ana kiransa wajen shawarar gari, kuma in ya nemi aure ba a ja masa rai. Yau fa? Shi kaɗai a gaban yara fiye da ɗari, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga, rufin ajin kuwa iskar bazarar bara ta ɗauke shi. In aka tashi, ya hau acaɓa ko ya tafi ƙwadago a gonar wani. Mai shago ya daina ba shi bashi. Sa'an nan a turo jami'i daga hedkwata da farar mota ya zo ya ce malamai ba sa aiki!

Ku tambayi kanku, ina albashinsa yake maƙalewa? Kuɗin malamin furamare daga kason ƙaramar hukuma yake fitowa, kason nan kuma shekara da shekaru yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatin jiha. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. A watan nan dai aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Amma a 2025, malaman furamare na yankin Abuja, watau a ƙofar fadar gwamnati, sai da suka yi yajin aiki na fiye da wata uku kan a biya su wannan ƙarin. To in haka ta faru a Abuja, ina ga malamin da ke ƙauyen da mota ba ta shiga da damina? Tun ranar malamai ta watan Oktoba 2020 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai. Ku kira malamin garinku gefe guda ku tambaye shi ko ya gan shi a aljihunsa.

Kada wani ya ce muku babu kuɗi. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don makarantun furamare da ƙananan sakandare. Sharaɗin kawai shi ne jiha ta kawo nata rabin, a ba ta rabin. Jihohi da yawa sun bar biliyoyin naira a ajiye shekara da shekaru don sun ƙi kawo nasu. Kuɗin gadar sama a babban birni ba ya taɓa yankewa, na benci da alli ne kullum babu.

Yanzu ga yaran. Ba sai mun tuna muku ba, amma za mu tuna wa masu mantuwar ganganci. Chibok a 2014, 'yan mata 276, har yau akwai waɗanda ba su dawo ba. Dapchi a 2018. Ƙanƙara a Disamba 2020, yara fiye da 300. Kagara da Jangebe da Tegina a 2021. Kuriga a 2024. Maga da Papiri a ƙarshen 2025, kuma a Maga har mataimakin shugaban makarantar aka kashe. A Tegina ƙananan yara 'yan Islamiyya ne suka yi kusan wata uku a daji, iyayensu suka sayar da abin da suka mallaka don haɗa kuɗin fansa.

Abin da ba a faɗa muku a rediyo shi ne abin da ke biyo baya. Ranar da aka sako yaran, a kai su gidan gwamnati, a sa musu sababbin kaya, a ɗauki hoto, manya su yi jawabi, shi ke nan an gama. Yarinyar ta koma ɗakin uwarta. Ba ta barci, ba ta son magana, in ƙofa ta buga sai ta ɗora hannu a ka. Wa ke zama da ita har asuba? Gwamna ne? Kwamishina ne? Uwarta ce, wadda ita ma tun ranar da aka sace 'yar ba ta sake zama daidai ba. Kuma maƙwabci da ya ga haka ya cire tasa 'yar daga makaranta, a zo a ce masa jahili ne mai ƙin boko. Ba ƙin boko ba ne, gani ga wane ne.

Wanda ya tsallake duk wannan ya kai jami'a, shi ma bai huta ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 wata takwas. Uba ya sayar da saniya ya biya kuɗin rajista da na haya, yaro ya dawo gida ya zauna yana ƙirga azara. Da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024, kuɗin mota zuwa makaranta ya zama abin da ake taron gida a kansa. 'Ya'yan masu yanke wannan hukunci kuwa suna Ingila da Dubai, ba su san yaji ba sai na tuwo.

Saurayin da zuciyarsa ta cika, babu aiki, babu mai sauraronsa, ina zai kai kansa? Kun san amsa, kuna ganin su a bayan tasha. Tiramol da maganin tari da sholisho. A 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, mun yarda, amma hana kwalba bai cire abin da ya tura yaron wajen kwalbar ba. In abin ya taɓa kansa, sai nauyi ya koma kan gida. Asibitin masu taɓin hankali yana Kware, yana Kaduna, yana Dawanau, yana Maiduguri, likitocin wannan fanni kuwa 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutane fiye da miliyan 200. Talakan da ba shi da kuɗin mota sai ya ɗaure ɗansa a turke, ko ya kai shi inda za a sa masa mari. A 2019 da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, kowa ya yi ta zagin iyaye. Ba mu goyi bayan sarƙa ba ko kaɗan. Amma wace ƙofa gwamnati ta buɗe wa iyayen nan suka ƙi shiga? A farkon 2023 aka samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Ku leƙa ɗakin shan magani na garinku ku gani ko dokar ta iso.

Duk wannan, amsarsu ɗaya ce: a yi haƙuri, a yi addu'a. Jama'a, mu ba mu raina haƙuri ba, da shi iyayenmu suka rene mu, kuma addu'a ba mu taɓa sakin ta ba. Amma wanda ya hau wuyanka ba shi ne zai yi maka wa'azin haƙuri ba. Lokacin haraji da jangali ma haka aka riƙa faɗa wa kakanninmu, har Malam Aminu Kano da mutanensa suka sha ɗauri da bulala a kan maganar talaka, kuma a Jamhuriya ta Biyu, bayan zaɓen 1979, aka soke su a Kano da Kaduna. Da ƙuri'a aka soke su.

Mu ma da laifinmu, in za a faɗi gaskiya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya karɓi naira dubu biyu ranar zaɓe ya sayar da albashin malamin ɗansa na shekara huɗu.

Jam'iyyarmu ta ɗauki alkawari a rubuce, ku ajiye wannan takarda ku kama mu da ita. Ba kwamishina ko kansila da zai ga albashinsa a ƙarshen wata sai malamin furamare ya ga nasa. Kason jiha na kuɗin ilmin bai ɗaya za a biya shi a farkon shekara, a kafe lissafin abin da aka yi da shi a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma inda kowa zai gani. Makarantar kwana ba za ta buɗe ba sai da katanga da masu gadi da hanyar kiran agaji. Yaron da aka kuɓutar daga daji kuwa, shi da uwarsa za a ci gaba da duba su har su warware, kuma za a horar da ma'aikatan asibitin karkara su gane ciwon damuwa, su san wanda za su ba shawara da wanda za su tura gaba, kuɗin motar a kan gwamnati.

In ɗan takarar wata jam'iyya ya zo, kada ku kore shi. Ku shimfiɗa masa tabarma, ku kira malamin makaranta ya zauna kusa da shi, ku tambaye shi a gaban jama'a wace makaranta 'ya'yansa suke.

Mai katin zaɓe ya duba katinsa tun yanzu, ya duba na matansa da na samarin gidan. Ranar zaɓe a fita da sassafe, a dangwala a kan alamar da ke bangon wannan takarda, kuma kada a bar rumfa sai an ƙirga a gabanku an liƙa sakamako.