Filin Lafiyar Iyali: Hoton Baki Gaba Ɗaya

Sau da yawa likitan haƙori yakan ce a je a ɗauko hoton baki kafin ya taɓa haƙori, sai maigida ya ɗauka ɓarnar kuɗi ce. To, ga amfaninsa.

Asalin hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, Röntgen ne ya gano shi a Jamus a 1895. Daga baya Paatero, wani masani ɗan Finlan, ya inganta na'urar da ke kewaya kai, ta ɗauki muƙamuƙin sama da na ƙasa a hoto guda cikin daƙiƙa kaɗan, ba tare da zafi ba.

A nan likita zai ga haƙora 32 na baligi da saiwoyinsu. Zai ga turmin ƙarshe da ya kwanta cikin ƙashi, wanda in aka fizge shi a makance zai iya taɓa jijiyar leɓe. Zai ga karayar muƙamuƙi bayan haɗarin babur, da ƙari mai girma a ɓoye, da haƙoran yaro da ke jiran faɗuwar na nono. Amma ƙaramin rami tsakanin haƙora yakan kuɓuce masa, sai an ɗauki ƙaramin hoto na musamman.

Uwargida ta cire 'yan kunne da sarƙa kafin ɗauka, mai juna biyu kuma ta sanar da likita. Kumburin muƙamuƙi da ya daɗe, kada a kai wa mai cire haƙori a kasuwa. Jiki amana ne; mu riƙe asuwaki, mu nemi magani wurin masana. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.