Kashe Ƙarar Inji Ba Gyara Ba Ne

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, babura ba sa yankewa a Gagarawa Tasha: wani da buhunan riɗi, wani da zoɓo, wani da akuya a ɗaure da fasinja biyu a baya. Da yawansu suna wucewa da wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In mai babur ya gaji da ita ya tsaya gareji, abin da yake nema ɗaya ne, a kashe masa ƙarar nan yanzu. Bakanike kuwa ya san hanya mafi sauƙi: ya ɗauki sifana ya ɗaure ajastar taimin cen tamau, inji ya yi tsit, a biya shi, kowa ya kama gabansa yana murna. Wannan ɗabi'a ce ke cinye injina a ƙasar Gumel, kuma laifin na su biyun ne.

Taimin cen sarƙa ce siririya a cikin inji wadda ke haɗa karanshaf na ƙasa da kamshaf na sama, domin bawul su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistin. Karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf ya juya sau ɗaya. In sarƙar ta yi sako-sako har ta tsallake haƙori, wannan lissafi ya rushe, fistin na iya taso wa bawul yana buɗe ya lanƙwasa shi. In kuma aka matse ta fiye da kima, ƙarar gwangwani za ta koma wani siririn kuka kamar fito, robar da sarƙar ke bi ta kanta ta cinye, mazaunin kamshaf ya soma lalacewa, ita kanta sarƙar ta ƙara saurin mutuwa. Mai babur ba ya jin wannan ɓarna sai bayan makonni, lokacin da ba wanda zai tuna da sifanar ranar Alhamis.

Ba kowace ƙara ce ta sarƙa ba ma. Ta bawul ƙyas-ƙyas ce mai tsari, daga kan inji take fitowa. Ta konrod bugu ne mai nauyi daga ƙasa, yana tsananta in an ɗora kaya an ja totur. Ta sarƙa kuwa karkarwa ce marar tsari daga gefen da sarƙar take, ta fi fitowa in inji na tsaye yana aiki a hankali. Tsofaffin makanikai na kafa bakin doguwar sukundireba a jikin inji su kara ƙotar a kunne, su bi wuri-wuri har su gano inda ciwon yake. Minti biyu ke nan, ba ko kwabo. Abin takaici, akwai yaran gareji da ke laluben ajasta a inji irin na Honda CG125, wanda ba shi da wannan sarƙa sam. Kamfanin Honda ya fito da shi a 1975 da sandunan tura bawul a maimakonta, musamman saboda ƙasashen da ba a kula da juyen baƙin mai a kan kari. Bajaj Boxer, wanda ya cika hanyoyin Jigawa, shi yana da ita.

Inda aka sa ajasta ta hannu, ƙa'idar ba ta da wuya. A bar inji ya yi ɗumi, a sassauta notin kulle, a riƙa shigar da kusar da yatsu a hankali har karkarwar ta ɗauke, a dawo da ita baya kaɗan, kamar rubu'in juyi, sannan a kulle. Da yatsu, ba da ƙarfin damtse ba. In kusar ta kusa ƙurewa ƙarar ba ta tafi ba, sarƙar ta gama yayinta: ƙusoshin gaɓoɓinta sun cinye, shi ne abin da ake kira miƙewa, kuma babu ɗaurin da zai mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi cikin baƙin mai.

Za a ce talaka ba shi da kuɗin sabuwar sarƙa, balle tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 abin da ɗan acaɓa ke komawa gida da shi ya ragu. Gaskiya ne, amma hujjar tana kan mai kawo ta. Sarƙa da robobinta ba su kai kusa da kuɗin bawul da fistin da kamshaf da ladan sauke inji ba, ban da kwanakin da babur zai yi a jingine. Kuma inji ba ya zaɓar bakin gareji in zai tsaya. Yana iya tsayawa cikin rairayi tsakanin wani ƙauyen Sule Tankarkar da asibitin Gumel, da dare, da mai naƙuda a baya.

Bakaniken da ya san sarƙa ta mutu ya ɗaure ta ya yi shiru, ya ci amanar wanda ya miƙa masa abin neman abincinsa. Mai babur da aka gaya wa gaskiya ya ce a dai lallaɓa, ya kuma bar matatar iska cike da ƙurar hunturu da baƙin mai da ya yi wata biyu ba juye, to kada ya zagi kowa ranar da aka tura masa babur ɗin a bayan a-kori-kura zuwa Gumel.